Yare Huɗu a Allo Ɗaya

Anti Juwairiya, don Allah ki taimake ni, na gaji. Ina aiki da wata ƙungiya a nan Mubi, muna zagaya ƙauyuka da majigi muna koya wa manoma adana wake a buhun da iska ba ta shiga, ba tare da zuba maganin ƙwari ba. Ni ke tsara shafukan da ake haskawa. Damuwata shugabanmu ne, Oga Levi. Mutumin kirki ne wallahi, amma tun da wani dattijo ya yi ƙorafi a Michika cewa ba a sa yarensu ba, ya kafa doka: kowane shafi sai an rubuta shi da Hausa, Fulatanci, Kamwe da Turanci. Rubutu ya koma kamar jerin tururuwa. Hoton buhun da ya kamata kowa ya gani na matse shi a kusurwa, bai fi kwalin ashana ba. Na gaba suna ƙanƙance ido, na baya suna gyangyaɗi, da yawansu ma ba su yi boko ba.

Makon jiya a Mayo Bani wata mata ta tare ni bayan taro, tana tambaya wane magani muka ce a saya. Anti, abin da muka je hanawa ke nan fa! Waken nan yaranta za su ci. Na dawo gida ko takalmi na kasa cirewa. Girbi ya matso, saura taron Mugulbu, Oga har yana cewa a ƙara yaren Gude. Ni kuma ban iya musu da babba ba. Ko in ce ba ni da lafiya wani ya je?

'Yar Majigi, Mubi

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kada ki kwanta ciwon ƙarya, wanda zai je a madadinki shafukan nan dai zai haska. Ogan naki kuma ba shirme yake yi ba. Kin fi ni sanin Mubi: a manta da yaren mutum a taro, sai ya ɗauka shi aka manta. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗora wa allo aikin baki.

Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba. Ki haska shafin nan, ki roƙe shi ya zauna can ƙarshen ɗaki ya karanta miki. Sannan ki nuna masa naki tsarin: hoto ɗaya babba a kowane shafi, ga hannu yana matse iska daga buhu, ga shi yana ɗaure baki. Kwalbar magani ki gicciya mata jan layi mai kauri. In rubutu ya zama dole, kalma biyu ko uku manya, baƙi a kan fari, tunda ɗakunan taronku ba labule. Yarukan kuwa a ba su shafin maraba, duk girmansu ɗaya, a samo ɗan gari ya yi tafinta.

In ya ƙi, ki tafi da buhu da wake ki ɗaure a gabansu, kowa ya taɓa. Amma kafin Mugulbu ki koma Mayo Bani ki nemo matar nan, tun ba ta shiga kasuwa ba. Allah ya huce gajiya, ya tsare mata yaranta.