Sifikar Falo Ta Yi Ƙara

Litinin, 3 ga Maris
Ina zuba wa masu gaisuwa ruwa sifikar falo ta yi "tilin". Ƙarar da take yi kenan duk sa'ad da Baban yara ya shigo da wayarsa a aljihu. Kofin ya kusa suɓuce mini. Ashe wayar ba a asibiti ta ɓata ba. Tana jikin wani a falona.

Laraba, 5 ga Maris
Tun da ya rasu nake tura masa saƙon murya. Wauta ce, na sani. Yau na duba, duk an saurara. Har wanda na yi kuka, har wanda na ce Inna, mahaifiyarsa, ta cika sa ido. Wayyo ni.

Asabar, 8 ga Maris
Na je wurin mai gyaran waya. Ya ce sifika ba ta gaisawa da baƙo, sai wayar da ta sani, kuma sai tana kusa, ɗaki ɗaya ko biyu. "Anti, ki bar ta a kunne, ita za ta kama miki ɓarawon." Zuciyata na kan ƙaninsa. Idonsa bai taɓa yi mini ba.

Talata, 11 ga Maris
Ƙaninsa ya zo, sifika shiru. Maƙwabciya ta zo, shiru. Allah Ya yafe mini, haushi ma na ji.

Juma'a, 14 ga Maris
Inna kaɗai ta zo. Tilin.
Ta ce za ta yi salla a ɗakinmu, kamar kullum. Can sai muryarsa ta cika falo: "Inna, kin sha maganin kuwa?" Tsohon saƙonsa gare ta ne take kunnawa a wayar, sau uku tana maimaitawa. Ba ta san ta sifika muryar take fitowa ba.
Da ta tafi na taɓa faifan cajin da ke gefen gadonsa, da ɗumi. Ramin cajin wayar ya daɗe da lalacewa, a kan faifan kawai take cin caji. Shi ya sa sallarta ke tsawo.
Kafin ta tafi, a bakin ƙofa ta ce, "'Yar nan, kin rame. Ki riƙa cin abinci." A saƙon jiya na faɗa masa ba na iya ci.

Lahadi, 16 ga Maris
Na sake tura saƙo. Na ce ƙafar Inna ta kumbura, ya kamata ta rage hawa benen gidanmu. Ban san wa nake gaya wa ba.
Faifan na cikin leda a kan tebur. Ban kai mata ba tukuna.