Sunan da Tsibiri Ya Ƙi Binnewa

Zuwa ga hasken idona, inuwata in rana ta take tsaka, ruwan ɗanyar kwakwa a maƙogwaron mai ƙishi, iskar kudu da ke shigo mana ta taga bayan la'asar. Zuwa ga matata, rabin raina, Norsiya.

Kin gani? Na rubuta shi. Norsiya. Sai da alƙalamin ya yi mini gardama kafin ya yarda, don rabon bakina da wannan suna tun kina da ƙuruciyar aure. Amincin Allah ya tabbata a gare ki a can Perth, garin sanyi da motoci, inda aka ce kina wankin zannuwan gado a wani otal. Ni ina nan tsibirinmu na Kokos inda kika bar ni, ina ɗaure igiyar jirgin fito, ina kwance ta. Lafiyar jiki dai alhamdu lillahi. Sauran kuwa kada ki tambaya.

Yayanki Kamsani ya kira ni a waya. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar kifi, yana tambayar iska, har na ce masa, "Yaya, faɗi abin da aka aiko ka." Ya ce kin ce ko in zo in same ki, ko in sauwaƙe miki, tsibirin nan dai ƙafarki ba za ta ƙara taka shi ba. Wayyo Norsiya! In sauwaƙe miki? Da wane bakin? Mutum yana cire haƙarƙarinsa ya ajiye a kan tebur ya ci gaba da numfashi? Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Kin tuna ranar sunan 'yarmu? Gida ya cika maƙil, ƙamshin soyayyen kifi da shinkafar kwakwa ya kai har bakin gaɓa, ke kuma kina zaune da ita a cinya, idonki ya kasa barin fuskarta. Liman ya raɗa mata Melati. Daga wannan sa'a, kamar yadda ake yi wa kowa a nan, aka naɗe sunayenmu na yanka aka ajiye: na zama Pak Melati, kika zama Mak Melati, Inna mahaifiyata ta zama Nek Melati. Uba da uwa da kaka, duk muka koma ƙarƙashin sunan jaririyar da ba ta kai tsawon damtsena ba. Inna ta ƙwala miki kira daga madafa, "Mak Melati!" Ba ki waiga ba. Ta sake, shiru. Sai ga ta da ludayi a hannu tana cewa, "Ke 'yar nan, haihuwar ce ta toshe miki kunne? Ke nake kira! Norsiya ta yi tafiya, gara ki saba." Kika yi dariya har da hawaye, kika ɓoye fuska a zanen goyo. Wallahi ban taɓa ganin mace mai kyau irin naki na ranar ba.

To, Allah da ya ba mu ya karɓi abinsa. Shekarar da ta fara haɗa baƙi a wurin malam, zazzaɓin nan ya zo ya tafi da ita, muka kai ta makwancinta a ƙarshen tsibiri, inda ake jin teku ta kowane gefe. Amma sunan bai bi ta ba. Al'adarmu ba ta da ƙofar fita: sunan uwa da uba ba ya canzawa sai an yi musu jika. Wane jika ne zai fito mana daga ƙarƙashin rairayi?

Na ga abin da ya yi miki. A kanti, "Mak Melati, ya haƙuri?" A ƙofar masallaci, "Mak Melati, ga kifi in ji Babanmu." Tsibirin da in ka yi atishawa a wannan gefe za a yi maka addu'a daga wancan, ina za ki ɓuya? Kika daina fita. Kika daina buɗe taga. Ranar da za ki tafi, a kan gadar jirgi, kin riƙe hannun rigata kin ce duk kira ɗaya kamar an tone ta ne an sake nuna miki. Ni kuwa a wurina ba haka yake ba.

Ga abin da ba ki sani ba. Bayan tafiyarki, dattawa suka yi shawara bayan sallar Juma'a, suka ce sunan nan ya kori matar, kada ya kashe mijin. Don tausayi suka yi, na sani. Washegari ina kan jirgi, direba ya leƙo ya ce, "Sahrin, jefo igiya!" Na tsaya ina dube-dube, ina neman wane yaro ne ake kira, na manta sunana ne na yanka. Mai kanti ta ce Sahrin. Har yaran da suke wasa da 'yarmu aka koya musu su ce Kawu Sahrin. Gari guda ya wayi gari kamar ba a taɓa haihuwarta ba! Raina ya ɓaci, ɓacin da ban san ina da shi ba. A gaban fasinjoji na jefar da igiyar na ce, "Kun binne ta sau ɗaya, bai ishe ku ba?" Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Pak Melati." Tun daga ranar ba wanda ya ƙara gwadawa.

Kin ga inda muka rabu, masoyiyata? Abin da ke yanka ki shi ke ɗaure mini rauni. Ba ki yi laifi ba, ban yi ba.

'Yarmu tana nan, Norsiya. Ko ki ce na zautu, tana nan. In yara suka ƙwala "Pak Melati!" daga gindin kwakwa, ba su nake fara dubawa ba, gefena nake kallo, daidai inda kanta yake kaiwa, kuma sau da yawa ina jin ana jan gefen rigata. In ruwa ya janye na taka zuwa bukkarmu ta ƙaramin tsibirin kudu, nakan tarar da sawun ƙananan ƙafafu a kan jiƙaƙƙen rairayi, tsakanin ramukan ƙaguwa, sun nufi ruwa ba su dawo ba. Wane yaro ne ke zuwa can ranar makaranta? Da rana tsaka, jirgi yana tsakiyar ruwa, inji yana ruri, sai in ji siririyar muryarta tana karanta baƙaƙen da ba ta gama koyo ba. Tsofaffi suna cewa kowane tsibiri da mai tsaronsa, a yi sallama kafin a sauka. Ni ba na jin tsoro. Tsorona ɗaya, ranar da zan je in tarar da rairayin sumul.

Teku kuma ta sa mu gaba. Kullum sai ta gutsuri bakin maƙabarta. Mutanen gwamnati sun zo daga babban tudu, can ƙasar da kike, da taswira, sun shafa shuɗin ruwa a kan layinmu, da masallaci, da inda 'yarmu take kwance, suka ce haka abin zai zama nan gaba. Mu kuma muna ta cika buhuna da rairayi muna jerawa. Shi ya sa na kafe. Na ce in na tafi, wa zai tsaya tsakaninta da ruwa? A garin da ba wanda ya san ta, wa zai riƙa faɗin sunanta?

Da wannan na je wurin Inna, na same ta tana kankarar kwakwa a bayan gida, na gaya mata saƙon Kamsani. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "A zamaninmu, lokacin da tsibirin nan da mu da ke cikinsa duk mallakar gida ɗaya ne, wanda ya hau jirgi ya hau ke nan, ba a barinsa ya dawo. Yayata ta tafi Borneo ina ɗaga mata hannu, ban ƙara ganin ko ƙeyarta ba. Yau jirgin sama yana zuwa yana komawa, kai kana zaune kana gadin rairayi kamar ƙaguwa!" Na ce, "Inna, Melati fa?" Sai ta ajiye kwakwar ta dube ni. Ta ce, "Wadda ke cikin kabari ba ta jin sanyi, ɗan nan. Matarka ce ke ji. Sunan kuwa bar mini shi. Ni ce Nek Melati, kuma na kusa zuwa in kwanta kusa da ita." Na yi kuka a gabanta kamar yaron goye, ita kuma ta ci gaba da kankararta tana share ido da gefen mayafi.

Don haka ga amsata, ya sanyin zuciyata. Ina zuwa. Bayan ƙaramar salla, in mun kai ziyara maƙabarta mun zuba mata ruwa da furanni, zan miƙa igiyar ga wani in hau jirgi. Ba da sauƙi nake faɗa ba. Ji nake kamar zan bar yarinya ita kaɗai a bakin ruwa in juya baya, kuma ban san yadda mutum yake rayuwa a garin da ba za a ƙara kiransa uban kowa ba. Amma na iya rasa tsibiri, ban iya rasa ki ba. Na yi miki alkawari zan kira ki Norsiya a gida da waje, ba zan ɗauko zancenta ba sai kin fara, ko da za mu tsufa ba ki fara ba.

Ranar da na sauka, za ki gan ni a tsaye cikin baƙi da jaka ɗaya, ina rawar sanyi. Ki kira ni da duk sunan da bakinki zai iya ɗauka, zan waiga. In kuma ba ki iya ko ɗaya ba, ki ɗaga hannu kawai.

Naki ne ni, a tsibiri ko a tudu, ba canji ba juyawa, har ranar da Allah zai haɗa mu mu uku.

Ban sa suna a ƙasa ba. Na bar miki wurin.