Shekara Biyu Ban Tashi Daga Kujerar Ba

Malam Zakari, don Allah ka agaza mini da shawara kafin Lahadi mai zuwa. Daga aji huɗu na bar lakwal, in ka ga maganata ta karkace ka yi haƙuri.

Gyaran mota nake yi a Sabon Gari, nan Maraɗi. Bayan garejinmu akwai shagon wani mutum mai suna Maman Lawali, tele guda, na'urar wasa guda, da manet biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Wasan faɗa muke yi, mutum biyu, kowa da gwaninsa cikin tele, naushi da shuri har ɗaya ya faɗi. Al'adarmu ita ce wanda ya ci ya zauna kan kujerar roba, wanda aka ci ya miƙa manet ya koma ƙarshen benci. Da can ran Lahadi bayan la'asar mukan kai mu ashirin. Har daga Tsibiri ake zuwa, 'yan Jiratawa kuma su zo da lakar garka, wato lambu, a ƙafa, a yi ta yi musu tsiya.

Shekara biyu ke nan ba wanda ya tashe ni daga kujerar. Ba sauri na fi su ba, tarewa nake yi in jira. Kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba tele nake kallo ba, na kusa da ni nake kallo da gefen ido. Hafizu in zai yi tsalle sai ya ɗaga kafaɗa. Idirisa yakan riƙe numfashi kafin babban duka. Barnaba kuwa babban yatsansa yakan sauka kan maɓalli ya ɗan tsaya kafin ya danna.

Sai mutane suka fara raguwa. Kowa ya ce salula ce, wato wayar hannu, yanzu kana kwance ɗakinka za ka sa koneksiyon na intanet ka yi faɗa da wani na Damagaram wanda ko sunansa ba ka sani ba. Na yarda da haka, har ranar da nake ƙarƙashin mota na ji Hafizu yana gaya wa maigidana cewa ba zai ƙara tahowa daga Jiratawa ya yi awa guda kan benci ba, don ya yi wasan minti ɗaya da mutumin da ko murmushi ba ya yi.

Ban ji haushi ba, Malam. Ban ji komai ba. Na ɗaure kusar da nake ɗaurewa. Na gwada wasan salular ma, aka ci ni sau goma sha ɗaya a jere, don can ba kafaɗa ba yatsa. Na aje ta na ci tuwona.

Yanzu Barnaba kaɗai ya rage, in ya fito majami'a sai ya hau moto, wato babur, daga Tsibiri. Bai taɓa cina ba. Ya ce Lahadin nan ce zuwansa na ƙarshe, Maman Lawali kuma ya ce in shi ma ya daina, buhunan abincin kaji zai zuba cikin shagon. Shin in sakar masa ya ci ni, ko labari zai bazu a dawo? Ko in zauna yadda na saba a rufe? Dama wasan mutum biyu kan benci lokacinsa ya wuce ne?

Mai Kujerar Roba, Sabon Gari

Amsar Malam Zakari

Ɗana, wanda bai ji komai ba ba ya zama ya rubuta wasiƙa mai tsawon wannan. Ka ji, sai dai tarewa ta zame maka jiki.

Ba kai kaɗai ka watsa bencin ba. Salula ta sauƙaƙa abin, kuma ba za ta koma ba. Masu wasa za su ƙara yawa, suna nesa da juna, wannan ba laifinka ba ne. Kallon da kake yi ma ba zamba ba ce, ɗan kokowa ƙafar abokin karawarsa yake dubawa. Amma Hafizu yana da gaskiyarsa. Abin da ka gani a jikinsu ka riƙe shi shekara biyu kai kaɗai, ba wanda ya ƙaru da zama kusa da kai. In mutum ba zai ci ba, ba zai koya ba, me zai hana shi zama ɗakinsa?

Kada ka sakar wa Barnaba. Ya daɗe yana karawa da kai, zai gane, kuma zai tafi da raini maimakon sallama. Kafin ku fara, ka gaya masa maganar yatsansa. Ka kira Hafizu da Idirisa a waya ka faɗa wa kowa tasa, ka ce su zo su gwada ka yanzu da suka sani. Ka roƙi Maman Lawali ya ƙara muku wata guda, ku sake doka: wanda ya ci sau uku ya tashi, ko waye shi.

Ban yi maka alkawarin mutum ashirin ba. Wataƙila huɗu su zo, wataƙila abincin kaji ya shiga shagon duk da haka. Amma abin da salula ba ta da shi, mutum a gefenka yana gaya maka inda kake kuskure, yana hannunka, kuma ba ka taɓa bayarwa ba.

Ran Lahadi ka yi wasa da iya ƙarfinka. In Barnaba ya ci ka, ka miƙa manet, ka koma ƙarshen benci ka ga yadda shagon yake daga can. Allah ya ba ka abokin karawar da zai tashe ka.