Suna So In Buga Hatimina a Kan Halin Alƙali

Malama Pyo,

Ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Alƙalin nan da majalisa ke tantancewa don kujerar babbar kotu, wanda tsohuwar ma'aikaciyarsa ta ce ya ci zarafinta bayan wata liyafar ofis, ba baƙo ba ne a gidanmu. Sakandare ɗaya suka yi da mijina, alƙalin yana gaba da shi a aji, har yau da hannu biyu mijina yake zuba masa abin sha don girmamawa. Shi ne kuma ya jagoranci ɗaurin auren 'yarmu Ye-rim. Kin san nauyin wannan: duk bikin kaka na Chuseok sai ita da mijinta sun kai masa gaisuwa da kwalin nama.

Yanzu ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta rubuta takardar shaidar halinsa. Sun ce ba na maza suke so ba, hatimin matansu suke nema, don majalisa ta ga mata sun tsaya masa. Takardar tana kan teburin abinci, mijina ya ajiye hatimina na sa hannu kusa da ita.

Shi cewa yake, "Maman Ye-rim, mutumin da ya kwana tare da ni a zaman makokin mahaifiyata? Me ya hana matar nan magana tuntuni, sai da kujera ta zo?" Ye-rim kuwa a waya: "Mama, tambayi Baba wa ya taɓa kai ƙarar alƙali wurin abokan alƙali. In kika buga, ki soya wainar Chuseok ɗin bana ke kaɗai."

Ni ban sani ba. Matar tana magana a talabijin sai in gaskata ta, alƙalin ya fara sai zuciyata ta karaya. Na kashe talabijin, gardamar ta biyo ni har gidan wankan jama'a na unguwa. Na gaji. Jibi za a zo karɓar takardar.

Uwa a tsakiya, Cheongju

Uwa a tsakiya,

Na daɗe ina ɗauko rahoto daga kotuna, kuma ni ma ban sani ba. Mijinki yana da gaskiya a abu ɗaya: zargi ba hukunci ba ne. Ye-rim ma tana da tata: jinkiri ba shaidar ƙarya ba ne, musamman ga wadda abincinta ke hannun wanda take zargi. Wannan gardama ba za ta ƙare a teburinki ba, ki daina ɗaukar ta a ka.

Tambayar da ke gabanki ƙarama ce: me kika gani da idonki? Kin san yadda yake da matar ƙanensa na makaranta, a biki da makoki. Ba ki san yadda yake da ma'aikaciyarsa bayan liyafa ba. Masu takardar kuwa ba saninki suke nema ba, kasancewarki mace suke son aro. Kada ki buga.

Ki gaya wa mijinki yau, ku biyu, kada ya ji a gaban mai karɓa. Tsoronsa jin kunya ne a cikin abokai, ki sauƙaƙa masa: ya ce matarsa ba ta shaidar abin da ba ta gani ba. In yana son saka alheri, ya rubuta abin da ya sani da sunansa.

Ye-rim kuma ta ji daga bakinki cewa ba barazanarta ce ta hana ki ba, kuma ba ki yanke wa kowa hukunci ba. Zuwa gaishe da alƙalin ko barinsa, nata ne da mijinta.

Mai yiwuwa mijinki ya yi kwanaki ba ya kula ki. Wannan zai wuce. Sunan da ya shiga takardar majalisa ba ya fita. Ina miki fatan hutu, da biki cikin kwanciyar hankali.

Malama Pyo