Taken Jatau Sau Biyu

Zuwa ga Gwaggona Tambai, mai komon maharba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki. Na rubuta ta ne domin waɗanda za su ji, su ji a gabanki.

Ranar Asabar aka nuna mana majigi a makaranta. Da rana ne, aka toshe tagogi da barguna. Ba a faɗa mana abin da za a nuna ba. Sai ga ki a jikin bango, zaune a bakin bukkarki ta gefen daji, lofe a baki, komo a cinya. 'Yan ajinmu suka fashe da dariya, wai mace da kiɗan maharba. Mai bayani ya ce da Turanci kiɗanki kiɗan zaman lafiyar daji ne. Ban ce wa kowa ƙanwar babana ce ba. Na kama ƙasan benci har aka gama.

Fim ɗin ya ƙare a daidai inda kika kaɗa taken maharbi Jatau karo na farko. Abin da ya biyo baya sun yanke shi. Ni ba zan iya yankewa ba.

Kin tuna shekarar da masu fim suka zo daga Kaduna a Landiroba, Bature ɗaya da mutum biyu da ba sa jin Hausa? Ina hutun aji ɗaya. Kika ce ba ki yarda da tafintan kowa ba sai 'yarki mai boko. Kwana biyar ina bin ki. Suka ɗauke ki kina ɗaura tsirkiya, kina jiƙa fata, kina zagin akuyarki. Suka tambaya me ya sa ba kya yi wa masu sarauta kiɗa, kika ce komo ba ya durƙusawa.

A rana ta shida Sarkin Baka ya tara maharba a gindin ɗorawa, sun kai arba'in. Jatau na Gayam yana nan, Tanko na Kazage ma yana nan. Kowa ya san rigimar da ke tsakaninsu a kan baunar da suka harba tare, kowannensu yana cewa kibiyarsa ce ta fara shiga. Ba a yanke maganar ba tukuna.

Tun ina ƙarama kin koya mini dokar. Kowane maharbi da takensa. In an kaɗa sau ɗaya, yabo ne. In an maimaita a zama ɗaya, makaɗi ya ce ke nan: wannan shi ne mai nama, duk mai ja ya fito.

Kika kaɗa wa kowa nasa, Jatau ne na ƙarshe. Ya taso ya yi kirari, ya zauna. Sai Baturen ya kira ni ya ce zaren na'urar sauti ya ƙare a tsakiya, a sake na ƙarshen. Na gaya miki, kika ce ba a yi. Na yi masa bayanin dalili. Ya yi tunani, ya ce to in tashi in sanar da maharba cewa na biyun na na'ura ne, ba kira ba. Kika yarda da haka. Kika ce in je in faɗa da ƙarfi, ke za ki zaga bayan bukka ki gyara tsirkiyar da ta saki.

Na je, Gwaggo. Na tsaya a gabansu. Maza arba'in da layu da wuƙaƙe suka ɗago suna kallona, wani ya ce ga 'yar boko za ta yi mana lacca, aka yi dariya. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na durƙusa na gaida Sarkin Baka, na taso. Da kika dawo kika tambaye ni, na ɗaga kai alamar eh.

Ba ki kai rabin taken ba Tanko ya miƙe. Ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Jatau yana murmushi, ya ɗauka kin ba shi baunar. Da murmushin a fuskarsa barandamin Tanko ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa. Na ji ƙarar, irin ta sarar ɗanyen itace. Jini ya yi tsiri har kan ƙafar na'ura. Ƙannen Jatau suka zare adduna, wani ya saki bindiga, hayaƙi ya rufe gindin ɗorawar. Wani yaron Kazage yana rarrafe yana riƙe da cikinsa. Masu fim suka gudu cikin mota.

Ke kuwa tsakiyarsu kika shiga. Kin ɗaga komo sama da hannu biyu kina kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Saran adda da aka kawo wa Tanko ne ya raba komon biyu, ya wuce ta hannunki na dama. Na ga hannun yana lilo da fata kawai. Da suka ga ke ce a ƙasa, sai kowa ya tsaya.

Jatau bai kai la'asar ba. Ke aka sa a Landiroba za a kai ki asibiti, kanki a cinyata, ɗankwalina ɗaure a damtsenki. Kowane rami motar ta faɗa sai jini ya sake ɓallewa. Can kika buɗe ido kika ce, "Asabe, kin dai gaya musu ko?" Na ce na gaya musu. Kika ce, "To laifina ne, da ban kaɗa ba." Ba ki sake magana ba. Ba mu kai Kaduna da ke ba.

Shekara biyu ke nan. Tanko yana kurkuku. Mutanen Gayam da na Kazage ba sa zama rumfa ɗaya a kasuwa, bara ma an ƙone rumbuna uku. Abu ɗaya suka yarda da shi duka: wai ke kika haɗa su da gangan don ki burge Bature. Sun ce abin da ake gudu ke nan in mace ta riƙe komo. Baba ba ya ambaton sunanki a zaure. Ni kuma ina ji ina yin shiru, malamai suna yabona wai yarinya mai kunya.

Malamarmu ta ce motar majigi za ta kai fim ɗin Birnin Gwari a wannan hutun, filin firamare. Maharba za su zo, na sani, domin kowa zai so ya ga kansa. Na rubuta wa Baba na gaya masa komai. Bai ba ni amsa ba. Kafin a kunna injin zan tsaya a gaban farin ƙyallen in karanta wannan takarda. Ƙannen Jatau za su kasance a wurin. Ban san abin da za su yi mini ba. Na yi ta gwadawa a bayan ɗakin kwananmu, da ƙarfi, har 'yan aji suna cewa na samu taɓi.

Ga abin da kika aike ni in faɗa, Gwaggo, ban faɗa ba. Jama'a, taken Jatau na biyu ba kira ba ne. Na na'ura ne. Tambai ta aiko ni in gaya muku tun kafin ta taɓa tsirkiya, ni ce na ji kunya.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggona. Allah ya jiƙan Jatau, ya sassauta wa Tanko, ya yafe mini ƙaryar da na yi miki kanki yana cinyata. Ya ba ni muryar da za ta kai sahun baya. Amin.

Ni ce 'yarki mai boko,
Asabe