Layin Tawada a Hannun Hajara

Aikin farko na yau, Litinin: wanke ƙunar da ke tafin hannun Hajara.

Baba Mai Shawara, ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni ma'aikaci ne a dispanser ta Matamaye, shekarata arba'in da ɗaya, kuma komai nawa sai na rubuta a kaye, littafin aikina. Lokotoron Damagaram, wato likitan can, ya koya mana cewa jijiya zare ce mai fatar kitse, gishirin jiki yana shiga yana fita ta fatar, da haka saƙon zafi ke gudu daga yatsa zuwa kai. Ya ce kuturta tana cin fatar nan, sai saƙon ya tsaya a hanya. Aikina shi ne in shafa wa mutane auduga a fata in tambaya ko sun ji.

Matata Hajara ƙuli-ƙuli take soyawa. Bayan girbin gyaɗa na ga mai ya fallatsa mata a ƙaramin yatsa, ba ta ko motsa ba. Na fara gwada ta da auduga, daga baya da allura, na ce duban jini ne. Inda ji ya tsaya nakan ja layi da tawada in auna. Cikin wata huɗu layin ya hau santimita biyar. Har dariya take, wai na mai da ita allo.

Amma kullum ina shakkar awona, domin takan ce ta ji don ta faranta mini. Shekaranjiya sai na bar cokalin ƙarfe a garwashi, na riƙo shi da tsumma na miƙa mata. Na ƙirga har tara kafin ta saki, shi ma ƙauri ta ji. Ta ba ni haƙuri, wai sakacinta ne.

In na sa sunanta a rajistar masu kuturta, wa zai sake sayen ƙulinta? Wa zai miƙa mini hannu in yi masa allura? Ko in ƙara wata ɗaya in tabbatar?

Mai Auduga, Matamaye

AMSA

Mai Auduga, tsoronka na kasuwa da bakin mutane gaskiya ne, na san yadda gari ke yi wa mai wannan ciwo. Iyakar uzurinka ke nan.

Ka tabbatar tun ranar da mai ya fallatsa. Abin da ka yi bayan nan, tsoro ne kake aunawa da fatar matarka. Kai ke raba wa mutanen Kurni da Yauri ƙwayar maganin nan, ka kuma san jijiyar da ta mutu ba ta cika dawowa ba. Santimita biyar ɗin nan kai ka ba ciwon kyauta. Cuta ta hana ta jin cokalin, kai me ya hana ka? Har ta ba ka haƙuri, ka karɓa.

Allah Ya ba Hajara lafiya, Ya tsayar da ciwon inda ya kai. Tunda sai a rubuce kake aiki, ga na gobe:

1. Ka gaya mata sunan ciwon, da wanda ya ɗumama cokalin.
2. Ka sa ta a rajista da hannunka, ta fara shan magani.
3. Ka nemo wanda zai riƙa tsaya mata a bakin kasko.
4. Ka wanke mata tawadar.
5. Ka zauna a ƙofar dispanser ka ci ƙulinta, kowa yana gani.