Manhajar da nake sakawa don a kira ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni inda ni kaina kunyar faɗa nake ji.

Ni ɗan Damagaram ne, aiki ya kawo ni Filinge, ina shigar da bayanai a kwamfuta a biron wata ƙungiya, wato ofishinta. Iyalina na gida. Mutanen nan ba su da laifi, za a gaishe ka har da tambayar gajiya, amma da an tashi kowa ya nufi fadarsa, majalisar hirarsa da abokai, ni kuwa Allah ya yi ni da nauyin baki, ban iya cusa kaina ba. Sai in wuni ban yi maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Kwamfutar biro a kulle take, duk abin da za ka saka sai ta nemi lambar sirrin mai kula da injinanmu, wanda ke Yamai. Ni kuma ina son wasan dam, mai kama da dara. Sai na gano akwai irin manhajar da ba ta bukatar izinin kowa, ka sauke ta, ka warware ta a cikin dosiyenka, ma'ajiyar fayilolinka, ta tashi. Haka na riƙa bugawa da inji lokacin hutun rana, yana cinye ni, ina zaginsa a zuci.

Ashe mai kula da injinan daga can yana ganin komai. Ya kira layin biro, bari in ce masa Idi, ya ce doka ta hana, in goge. Na ba shi haƙuri. Har zai kashe sai ya tambaya ko an yi ruwa, ashe ɗan yankin nan ne na Kurfai, daga wajen Tabla, ya daɗe bai zo gida ba. Ya tambayi yadda hatsi ya yi, na ce ban sani ba, ya yi ta dariya wai ina zaune a garinsu kamar buhu. Muka daɗe muna hira. Wallahi tun zuwana ban ji daɗi irin na ranar ba.

Na goge. Shiru, bai sake kira ba, don ba dalili. Sai na mayar da ita.

Ya kira, ya yi faɗa kaɗan, muka koma hira. Daga nan abin ya zame mini jiki, in goge, in bari a kwana biyu, in mayar. Wasan ma na daina bugawa. Ranar kasuwa har fita nake in zaga, in ji kuɗin awaki, in ji inda aka yi ruwa, don kawai in sami abin ba shi labari.

Shekaranjiya da ya kira ba dariya a muryarsa. Ya ce yanzu rahoton injina har teburin shef, shugabanmu, yake zuwa, an riga an tambaye shi me ya sa yake ƙyale ni.

"Malam, in na koma ganin ta dole in rubuta, in ba haka ba ni za a kora. Wai mi ya sa kake maida ta?"

Na ce mantuwa ce. Ya ce to, ya kashe.

Na goge, kuma ba zan jawo wa bawan Allah asarar aikinsa ba. Amma ga ni na koma inda na fito, kaɗaici na cina. Lambarsa ta hannu ba ni da ita, ta biro kuwa sai in inji ya lalace ake kira. Ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

'Yan uwa, in kira in faɗa masa gaskiya, cewa hirarsa nake nema, in roƙi lambarsa? Ina tsoron ya ga na yi wasa da abincinsa saboda son raina, ko ya ɗauke ni marar hankali. Ko in haƙura in yi shiru? Jiya an yi ruwa sosai wajen Tabla, na ji a bakin direbanmu, kuma ban san wa zan faɗa wa ba.